Yadda Farfesa Ya Ɓatar da Gari Guda

A wani layi da shagon tela ke kallon shagon mai gyaran waya, an yi wani mutum da ake ce wa Farfesa. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta amsawa har mutane suka gaji suka bar masa. Sana'arsa rubuta labarin zane, irin wanda ake sakawa a intanet babi-babi duk mako, mutane su karanta a waya su yi ta gardama a ƙasan shafi. Sunan labarin Takobin Ɗan Maƙeri, kuma ba laifi, ya karɓu. Akwai Ɗan Maƙeri jarumi, akwai jakinsa mai fuka-fukai, akwai gimbiya mai tsiwa, akwai kuma wani maye mai haƙorin tagulla da yara ke gani su ƙi shiga banɗaki su kaɗai.

Sai dai Farfesa ko ƙwai bai iya zanawa ba. Uwargidansa ce ke zanen kaf. Shi zai miƙe a doguwar kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "A nan sai a gwabza yaƙi." Ita kuma ta duƙa kan allon zanenta na lantarki ta fito da mayaƙa cike da fili, kowa da irin fuskarsa, har wuyanta ya ƙage. A saman kowane babi an rubuta da manyan baƙaƙe, LABARI DA ZANE: FARFESA. Can ƙasa kuma, da rubutun da sai ka ƙanƙance ido, an ce: da taimakon iyali.

Ana haka Editan shafin da ke ɗauke da labarin ya bugo waya da albishir. Bana za a zaɓi labari ɗaya a buga shi littafi. Za a yi taron masu karatu a wani zaure, kowane labari ya nuna sabon babinsa a babban allo, sannan a zaɓa. Uwargida da ta ji sai da ta zauna a bakin gado, don babu abin da ta daɗe tana buri kamar ta riƙe zanenta a takarda, ta shafa shi da hannu.

Farfesa shi ma ya ji daɗi, sai dai nasa daɗin a baki yake fita. Wani mai shirin hira a intanet ya gayyace shi, ya tambaye shi yadda yake haɗa rubutu da zane shi kaɗai.

"Zane ai ƙaramin abu ne," in ji Farfesa, yana gyara tabarau. "Aikin hannu ne kawai, kowa ma zai iya. Ƙwaƙwalwa ita ce aiki, kuma ka ga inda take zaune."

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa har sau biyu don kyamara ta ɗauka da kyau.

Da ya dawo gida ya tarar da allon zane da alƙalaminsa a kan doguwar kujerarsa, an jera su tsaf a kan matashi.

"Uwargida, wannan fa?"

"Ƙaramin abu ne, Yallaɓai. Na ga kowa ma zai iya."

"Haba, magana ce ta hira."

"Ni ma hutu ne na hannu. Ƙwaƙwalwa ta ci gaba."

"Kin san taro ya kusa?"

"Na fi ka sani. Ka koma inda ka faɗa ka ce ka yi kuskure, ka sa sunana a saman shafi, yanzun nan in ɗauki alƙalami."

Da wani mijin ne, da ya ba da haƙuri an wuce wurin. Farfesa kuwa ya ɗauki allon ya rungume, ya ce za ta sha mamaki.

Ya kwana biyu yana fama. Ya zana Ɗan Maƙeri ya fito kamar tulu mai ƙafa. Ya goge. Yana cikin latse-latsen neman mafita sai ya gano yadda Uwargida ke aikinta. Ashe ba a haɗe take zana komai ba. Sama daban take zana ta, ƙasa daban, gidaje daban, kowane mutum daban, sannan ta jera su wani kan wani. A gefen kowanne akwai ɗan hoton ido. Ya taɓa idon da ke gefen Ɗan Maƙeri, sai ga kasuwa tana nan, jaki yana nan, jarumi ya yi ɓatan dabo. Ya sake taɓawa, ya dawo. Farfesa ya miƙe tsaye ya tafa wa kansa.

Da safe ya nufi bencin da ke ƙofar shagon Tela, inda ake shan shayi ana gyara duniya.

"Jama'a, na warware matsalar zane har abada," in ji shi. "Zan ba Ɗan Maƙeri layar zana."

Tela ya cire allura daga bakinsa. "To sai aka yi yaya?"

"Wanda ba a gani, ana zana shi ne?"

Mai Waya ya leƙo daga shagonsa. "Wato za ka ba mutane shafin da babu kowa su karanta?"

"Akwai kowa. Ganinsa ne ba a yi. Ku dai tsaya a allura da sukurudireba, wannan fagen masu tunani ne."

Babin farko kuwa ya tafi lafiya, abin da ya fi komai lalata Farfesa. Ya ɗauko tsohon zanen kasuwa, ya rufe idon jarumi, ya ɗora kumfar magana tana fitowa daga iska: "Ha ha! Ba ku ganina!" Masu karatu suka yi ta yabo. Wani ya ce bai taɓa ganin dabara irin wannan ba. Farfesa ya karanta wa Uwargida sharhin da ƙarfi tana wanke-wanke, ya maimaita mata wuraren da yake zaton ƙarar ruwa ta hana ta ji.

Can ƙasan yabon sai ga wani sharhi daga wata mai kiran kanta Tsohuwar Malamar Kimiyya.

"Ɗana, labari ya yi daɗi. Amma in haske na ratsa yaron nan ya wuce, da me yake gani? Ido sai ya tare haske yake aiki. Ko dai makaho ne yake yawo a kasuwa?"

Mutane suka yi caa, kowa na cewa gaskiyar Malama. Farfesa ya amsa cewa dama ya san da wannan, jira yake ya ga ko akwai mai lura. A babi na gaba ya ɗiga baƙin ɗigo biyu a tsakiyar kasuwa, ya ce ƙwayar idon jarumi ce, ita kaɗai laya ba ta rufewa.

Wasu suka ce ƙudaje ne. Wasu suka yi ta goge fuskar waya da bakin riga. Da yamma Mai Waya ya kawo masa shayi da kansa.

"Farfesa, Allah ya ƙara basira. Tun safe ake kawo mini wayoyi wai gilashi ya mutu a wuri biyu. Mako mai zuwa ka ɗiga huɗu."

Ba a gama da ido ba wani ya tambaya, rigarsa fa, ita ma ta ɓace ne? Farfesa yana cikin zafin amsa, bai tsaya tunani ba ya rubuta: "Laya a kan fata da tsoka kawai take aiki, ba ta shafar tufa. Duk wanda ya yi karatu ya san wannan."

Malama ta dawo a hankali. "Ɗana, to ai ba mu ga riga tana yawo ba. Ke nan tun makon jiya tsirara yaron nan yake a tsakiyar kasuwa?"

Ranar shafin ya kusa kamawa da wuta. Iyaye suka ce sun amince wa labarin nan shekara da shekaru, ashe abin da ake nuna wa 'ya'yansu ke nan. Wata ta ce ta rufe wa ɗanta ido da ta zo wurin da jarumi ya tsaya gaban gimbiya. Edita ya bugo waya.

"Farfesa, an kawo ƙararka kan rashin ɗa'a."

"Edita, shafin fa babu kowa a ciki!"

"Na gaya musu. Sun ce shi ya fi muni, kowa da abin da yake hangowa."

Tela ma ya ƙi amsa gaisuwarsa. Sai da Farfesa ya matsa masa ya ce, "Ni sana'ata suturta mutane. Ka tuɓe ɗan mutane a bainar jama'a, ka zo kana mini ina kwana?"

Farfesa ya koma gida ya fito da sabuwar doka. Ya ce an yi masa mummunar fahimta. Asalin yadda layar ke aiki shi ne, duk abin da ya taɓa jikin jarumi shi ma ɓacewa yake, don haka rigarsa na jikinsa, har da wando da hula. Hankalin iyaye ya kwanta. Shi kuma ya ga wata ƙofa ta buɗe masa, domin tsofaffin zanen jaki da na gimbiya sun fara ƙarewa, kuma ya gaji da juya su hagu da dama. Sai ya sa jarumi ya hau jaki, ya taɓa idon jaki. Ya sa gimbiya ta kama hannunsa, ya taɓa nata. Maye ya cafko wuyansa, shi ma ya tafi da haƙorinsa na tagulla. Aka gwabza yaƙin da ba a taɓa yin irinsa ba a cikin fankon fili, kumfar magana na ta "Kau!" da "Wayyo!"

"Ɗana," in ji Malama, "ƙasa fa? Ba taka ta yake yi ba?"

Nan ma da ya ce takalmi ne ya raba, da an bar shi. Amma Farfesa bai taɓa ja da baya a gaban tsohuwa ba. Ya rubuta, "Madalla, kin fara ganewa," ya taɓa idon ƙasa. Wani ya ce gidaje ai a kan ƙasa suke. Suka tafi. Wani ɗan neman fitina ya ce iska ma tana taɓa shi, kuma iska haɗe take da sama. Kafin taro ya zo, gari guda da kasuwarsa da fadarsa da duwatsunsa ya koma farin shafi fes, babu ko tsinke.

Masu karatu suka fara zamewa. Masu sharhi suka ragu, sai Malama da wasu 'yan kaɗan da ke zuwa kallon yadda za ta ƙare. Uwargida tana gani, abin na cin ranta. Fushi take yi da shi, amma labarin nata ne, kuma kowane farin shafi ji take kamar an yage wani abu a jikinta. Wata safiya ta aje girman kai ta tsaya a kansa.

"Maigida, littafin nan zai kuɓuce mana. Har yanzu da sauran lokaci. Kalma biyu ce kawai, ka faɗa in zauna in zana."

"Kin ga abin da nake gudu," in ji shi. "Da kin ga abu ya fara ɗaukaka sai ki so a ce da ke aka yi."

Ta juya ta fita.

Shi kansa ya san farin shafi kaɗai ba zai ci zaɓe ba, sai an haɗa da abin mamaki. Malama ce ta ba shi dabarar ba da niyya ba, da ta rubuta cewa duk dokokin nan nasa a baki suke, ko ya taɓa gwada ɗaya? Farfesa ya amsa a gaban kowa cewa shi ya san sirrin ɓacewa na gaske, ba na labari ba, kuma ranar taro zai ɓace a gaban idon jama'a.

Da ya aika sai ya zauna neman sirrin. Zuwa azahar ya samo shi. Ido, in ji shi, malalaci ne, abin da ya motsa ko ya bambanta kawai yake kamawa. In mutum ya sa tufa kalar bango, ya manne, ya ɗauke numfashi, ido zai tsallake shi ya wuce. Ya ciro labulen falo mai ruwan madara, ya lulluɓa tun daga kai har ƙafa, ya lallaɓa ya manne a bangon shagon Tela, gefen benci.

Tela ya ɗago ya gan shi. Mai Waya ma ya gan shi. Suka dubi juna, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke nufi.

"Wai ina Farfesa ne yau?" in ji Tela da ƙarfi.

"Oho. Ga shayinsa nan ma ya bari yana hucewa." Mai Waya ya ɗauki kofin ya shanye tas.

"Bawan Allah. Ka san da za a cire masa baki, abin da zai rage bai cika cokali ba."

"Ai matar ce ke da aiki. Shi ko layi bai iya ja da rula ba."

"Rannan ya zana mini kaza, na ɗauka butar shayi ce."

Labule ya ɗan girgiza. Tela ya taso da wandon da ya gama gugewa, ya duba hagu ya duba dama, ya ce, "Yauwa, ashe akwai ƙusa a nan," ya rataye shi a kan Farfesa. Ya koma ya ɗauko riga ya ƙara. Farfesa na ciki gumi na tsiyaya, zuciyarsa rabi na tafasa rabi na rawa don murna. Da numfashi ya gagara ya yaye labule ya yi tsalle.

"Ina nan! Duk abin da kuka ce na ji!"

Tela ya dafe ƙirji ya faɗa kan benci. Mai Waya ya yi salati ya saki kofi.

"Farfesa! Ta ina ka ɓullo?"

"Tun ɗazu ina jikin bangon nan."

"Rantse!"

"Zancen kaza da buta dai za mu yi shi daga baya," in ji Farfesa, yana cire wando daga kansa. "Yau ranar ilimi ce, na yafe muku."

Ranar taro zaure ya cika. Tela da Mai Waya sun rufe shago sun zo da wuri don su samu kujerar gaba. Uwargida ta ce ba za ta je ba, amma ta je, ta zauna can baya kusa da ƙofa. Labarai biyu suka nuna nasu, aka tafa musu. Aka kira Takobin Ɗan Maƙeri.

Farfesa ya hau dandamali da labule a naɗe a hammata, ya miƙa wa mai kula da majigi allon zane. Aka haɗa waya. Babban allo ya yi fari fat.

"Ku yi haƙuri, jama'a," in ji mai majigi. Ya zare waya ya hura mata iska ya mayar. Fari. Ya kashe na'ura ya kunna. Fari. Ya ɗan mammare ta a gefe.

"Malam, ai shi ke nan," in ji Farfesa. "Ya fito."

"Bai fito ba, Yallaɓai, ka ba ni minti ɗaya." Ya ruga ya ɗauko wani majigin daga ofis, ya haɗa yana gumi. Fari.

"Na ce maka shi ne babin!"

Mai majigi ya dubi allo, ya dubi Farfesa. "Wannan ɗin?"

"Shafi na farko ke nan. Wuce na biyu."

Ya wuce. "Na wuce?"

"Ka wuce mana. Ba ka ga an shiga fada ba?"

Dariya ta fara daga baya tana gangarowa. Farfesa ya ɗaga murya ya shiga bayanin dokokin laya, yana nuna wa mutane inda jaki yake da inda maye ya faɗi. Wata 'yar tsohuwa mai sanda da ke zaune a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ni ce Malamar nan da ke damunka. Na hau mota biyu na zo ganin ɓacewa. Gwiwata ba ta son dogon zama."

Zaure ya ɗauki tafi. Farfesa ya ce dama yanzu zai zo wurin. Ya warware labule ya juya neman bango, sai a lokacin ya lura bangon zauren kore ne shar. Ya ɗan yi turus, sannan ya ce kala ba ita ce asali ba, asalin sirrin a numfashi yake. Ya gargaɗi jama'a cewa da zarar ya fara ba zai yi magana ba, don kalma ɗaya tana karya aikin. Ya lulluɓa, ya manne a gefen dandamali, ya ja iska ya riƙe.

Aka yi tsit. Ga koren bango, ga mutum cikin labulen falo tsaye a jikinsa, takalmansa sun leƙo ta ƙasa.

"Ɗana," in ji Malama, "cikinka ya riga ka fitowa."

Zaure ya fashe. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Tela ya zame daga kujera yana riƙe da ciki, Mai Waya na dukan bayansa. A cikin labule kuwa Farfesa ya gaya wa kansa cewa dariyar ruɗewa ce, haka mutane ke yi in sun ga abin da ya fi hankalinsu. Ya saci numfashi kaɗan ta gefen baki ya ƙara mannewa.

Edita ya karɓi abin magana, fuskarsa babu dariya.

"Farfesa, tambaya ɗaya. Babukan baya, masu kasuwa da yaƙi da jakin nan, wa ya zana su?"

Labule ya yi shiru. In ya amsa, ya karya aikin a gaban jama'a. In bai amsa ba, ga abin da zai biyo baya. Farfesa ya zaɓi ilimi.

"Ga ta can bakin ƙofa!" in ji Tela, yana share hawaye. "Ita ce iyalin da ke taimakawa!"

Kawuna suka juya. Uwargida ta so ta fice, amma ta dubi farin allon nan da ya haɗiye aikinta, ta ji ba za ta iya barinsa haka ba. Ta taso ta ratsa tsakiyar zaure, ta karɓi allon zane a hannun mai majigi. Ta taɓa ido ɗaya, sama ta dawo shuɗiya da gajimare. Ta taɓa wani, ƙasa ta shimfiɗu. Gidaje suka tsaya, rumfunan kasuwa suka cika. Da jaki ya bayyana da fuka-fukansa sai da wasu suka miƙe tsaye. Ta dawo da gimbiya, ta dawo da maye. Daga ƙarshe ta taɓa idon Ɗan Maƙeri, ya fito da riga da wando da hula, wata uwa a tsakiyar zaure ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Wani ya roƙa ta zana musu wani abu yanzu su gani. Ta ɗauki alƙalami ta fara zane. Mutane suka jawo kujeru suka kewaye ta. Malama ta sa aka matso da ita kusa. Ana ta tambayar Uwargida sunanta, Edita ya sa ta maimaita ya rubuta.

Amma zaɓe zaɓe ne. Edita ya ce da baƙin ciki, fararen babukan nan sun kori masu karatu da yawa, kuma abin da ta dawo da shi tsohon zane ne, ba sabon babi ba. Littafin bana ya tafi ga wani labarin. In ta gyara ta kawo baɗi, da sunanta a sama, zai duba da kansa. Uwargida ta yi godiya, ta taya waɗanda suka ci murna. Sai da ta sunkuya tana naɗe wayar allo hawaye ya zubo mata, ta goge da sauri don kada a gani.

Duk wannan bidiri babu wanda ya sake waiwayar bango. Jama'a suka raka Uwargida har waje ana hira. Tela da Mai Waya suka tafi neman wa Malama mota. Aka tattara kujeru aka jingine su gefen dandamali, mai shara ya zo ya share gaban takalman nan biyu ya kewaye su ya wuce, hankalinsa na kan waƙar da yake ji a kunne.

Uwargida ta kai bakin titi sannan ta tuna da labulen falonta. Ta dawo ta tarar da zaure wayam, sai shi tsaye tsakanin tarin kujeru.

"Fito, Yallaɓai. An tashi."

Labule ya yaye. Farfesa ya fito jiƙe sharkaf, ido ja, amma fuskarsa cike da annuri.

"Kin gani ko? Kin gani da idonki! Da farko ne kawai bai kama ba. Daga baya fa? Zaure guda, babu wanda ya gan ni. Har mai shara! Ina nan tsaye, ina ji ina gani, kowa ya wuce ni kamar babu ni. Kin san yadda wannan yake kuwa?"

Ta karɓi labulen ta kakkaɓe, ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa.

"Na sani," ta ce. "Shekara da shekaru na yi a haka a gefenka, kuma ni ko numfashi ban taɓa riƙewa ba."

Ta sa labule a hammata, ta ɗauki allonta ta yi gaba. Farfesa ya bi bayanta, yana ɗingishi.